Baba Sale Mai Ƙuri'a Ɗaya

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Baba Sale a garin nan na Doha ya san ba ya ba mutum hannu gaba ɗaya. Yatsu huɗu zai miƙo maka, babban kuwa ya ɗaga shi sama kamar mai tare mota. Ka kuskura ka haɗa da shi ka matse, yanzu ka ji, "Kai, kai, kai! A hankali, yaro. Wannan ba irin naka ba ne. Wannan ya taɓa tsayawa shi kaɗai a gaban jihar Jigawa!" Ku da kuka zauna da shi a ɗakinmu na Mansura kun sha jin wannan magana har kun haddace ta. Kwana arba'in ke nan da muka kai shi makwancinsa, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na riƙe tun ban fara mantawa ba.

Ai kun tuna bironsa ma. Kullum yana soke a gefen hula, ko wanka zai shiga sai ya ajiye su tare. Kuma ba ya ganin farar takarda ya ƙyale ta. Kwalin madara a firij, katon ɗin da wani zai aika gida, takardar magani, duk sai ka tarar ya rubuta da ajami, "Daga Sale, Allah ya ba da sa'a." Akwai ranar da Awudu, abokin zamanmu mutumin zangon Kumasi, ya fizge fasfonsa daga hannun Baba, biro har ya taɓa bangon fasfon. Baba ya ce, "Addu'a fa zan yi maka." Awudu, da yake kowa "Massa" yake ce wa, wato maigida, ya ce, "Massa, yi da baki!"

Ni a filin jirgin Hamad na fara haɗuwa da shi, ranar da na sauka. Mutumin da kafil ɗina, wato uban gidan da ya ɗauko ni aiki, ya ce zai turo ya ɗauke ni bai zo ba, wayata ba layi, ga yunwa. Ina zaune a kan jakata ina gunaguni da Hausa, sai ga wani dattijo ya turo jerin kurayen ɗaukar kayan fasinja, waɗanda muke ce wa toroli, ya ja birki a gabana.

"Daga ina?"

Na ce, "Katsina, Baba."

"Innalillahi! Duk mutanen da jirgi ya sauke yau, Bakatsine Allah ya haɗa ni da shi? Tashi mu je, kada ku ja mana abin kunya a ƙasar Larabawa."

Baba mutumin ƙasar Haɗeja ne, kuma kun san wasan da ke tsakanin Bakatsine da Bahaɗeje sai dai Allah. Tun daga ranar ba mu daina tsokanar juna ba. Amma a katifarsa na kwana har mako biyu, shi kuma yana ƙasa a kan dardumar salla, in na yi magana ya ce bayansa ne ba ya son laushi.

Abokan aikinsa ne suka ba mu labarin ranar da kamfaninsu ya kawo na'urar dangwala yatsa ta shiga aiki da tashi. Kowa ya bi layi ya sa babban yatsansa na dama. Da aka zo kan Baba sai ya miƙa na hagu. Shugaban aikin ya ce na dama ake so. Baba ya mayar da hannu aljihu. Mutumin ya yi ta "Yalla, yalla!", layi ya yi tsawo, Baba ko gezau. Aka nemo wani ɗan Kano ya yi tafinta. Baba ya ce, "Gaya masa wannan yatsan na zaɓen shugaban ƙasa ne. Ba zan mayar da shi mai gadin ƙofa ba." Ɗan Kanon ya dubi Baba, ya dubi shugaban aikin, sai ya ce masa ai yatsan ciwo yake yi. Har Baba ya bar duniya na'urar nan hagunsa kawai ta sani, kuma ya mutu yana ganin bayaninsa ne ya gamsar da mutumin.

To, ga waɗanda suka zo daga baya suka tarar ana ce masa Mai Ƙuri'a Ɗaya, ga asalin sunan yadda yake ba mu shi, yawanci bayan la'asar in an dafa shayi.

Wani zaɓen shugaban ƙasa ne da aka yi shekarar da zai taho nan. "Shekarar nan," in ji shi, "Jigawa kaf ta juya fuska wuri ɗaya. Daga Haɗeja har Kazaure, daga Gumel har Birnin Kudu, mutum ɗaya ake kira. Mai shayi shi, liman shi, tsohuwa mai daddawa shi. Ko akuya ka tambaya, shi za ta ce maka." Kuma ba wai Baba ya ƙi mutumin ba ne. Abin da ya faru, wata rana ya je ɗebo ruwa a famfon ƙauyensu, Tsamiyar Goje, sai ya ga hoton wani ɗan takara na wata 'yar ƙaramar jam'iyya an manna a bango. Hoto ɗaya tal a duk garin, shi ma akuya ta cinye rabi.

"Na tsaya na dubi rabin fuskar nan da akuya ta rage. Na ce, wannan bawan Allah ya buga hoto, ya aiko shi har Tsamiyar Goje yana neman arziki, a ce ya tashi ko ɗaya babu? Baƙo ne fa! A garinmu ba a sallamar baƙo hannu rabbana."

Daga nan ya shelanta wa majalisa da masallaci da gidansa cewa shi dai mai rabin fuska zai yi wa. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka ce ƙuri'arsa zai zubar a ƙasa, ya yi kunnen uwar shegu da kowa. Ranar zaɓe aka zazzage akwati a filin makarantar firamare, malamin zaɓe yana ɗaga takarda jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi. Aka ƙirga wa babban ɗan takara har maƙogwaro ya bushe. Aka bi sauran, wannan babu, wannan babu. Da aka zo can ƙasan jerin, sai malamin zaɓe ya ɗaga takarda ya ce, "Ɗaya!" Gari ya juyo baki ɗaya aka ɗau ihu, "Sale! Sale!" A nan wurin Baba yakan ajiye kofin shayi ya miƙe tsaye, ko da kuwa karo na ɗari ke nan yana ba da labarin.

Awudu ne ba ya gajiya da tambaya.

"Massa, mutumin naka ya ci?"

"Bai ci ba."

"Ya san ka?"

"Ina zai san ni?"

"To mene sunansa?"

Baba ya sosa ƙeya, ya gyara hula, ya ce, "Ku a Gana sai kun tambayi baƙo sunansa kuke ba shi ruwa?"

Muna dariya, amma bari in faɗi gaskiya: ƙuri'ar nan ita ce dukiyar Baba Sale. Ruwa ne ya cinye masa gona shekara biyu a jere, ya baro gida da furfurarsa ya zo yana tura toroli, yara sa'annin 'ya'yansa suna yi masa tsawa da harshen da ba ya ji. A wurin aiki lamba ce a ƙirjinsa. In ya dawo ɗaki ya ɗaga yatsan nan kuwa, shi ne mutumin da jiha guda ta kasa tanƙwarawa. Da ita yake tafiya da kai a sama, kuma mu ma mun san haka.

Halin bai tsaya a zaɓe ba, mu muka sha wahalarsa. In aka aike shi sayen burodi, sai ya wuce shagon da ake layi ya shiga wanda ƙuda ma ba ya shiga, ya dawo mana da burodin da in ka jefi mutum da shi sai an kai shi asibiti. In ana kallon ƙwallo, sai ya jira a ci wasu sannan ya san 'yan wasansa. Amma babba a ciki shi ne wanzamin nan na bayan tashar Metro, wanda tun da ya buɗe shago ba wanda ya zauna masa sau biyu. Ana jibi salla Baba ya tasa ni a gaba.

Na ce, "Baba, mutumin nan fa bai iya ba."

"A kan wa zai koya? A kan kankana?"

Aka fara da shi. Mutumin ya yi masa wata hanya daga goshi har ƙeya kamar an yi shara da tsakar rana an gaji. Baba ya duba madubi, ya juya hagu, ya juya dama, ya ce, "Madalla. Iska za ta riƙa shiga." Sannan ya nuna mini kujera. Sallar nan mu biyu ba wanda ya cire hula har a ɗaki. Wanzamin shi ne kuka gani ranar jana'iza yana kuka kamar ubansa aka rasa, kuma yanzu Alhamdu lillahi ya iya, sai ka yi layi.

Da zaɓe na gaba ya zagayo Baba bai samu hutu ba, a nan ya same shi. Ranar da ake karanta sakamakon jihohi muka jingina waya a jikin fulas muka kewaye ta. Da aka zo Jigawa, farfesan da ke karantawa ya fara bin jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya, mu duk manyan muke jira, muna hira kafin a iso kansu. Baba ya daka mana tsawa, "Ku yi shiru, ana kiran mutanena!" Duk ƙaramar jam'iyyar da aka kira da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai ya ce, "Madalla, akwai sauran masu kunya a jihar." Da aka iso kan manyan kuwa, muka yi tsit, shi kuma ya tashi ya tafi alwala. Daga baya ya buga waya gida ya tambayi akwatin makarantar firamare, aka ce masa ƙanana ko ɗaya ba su samu ba. Ya juyo ya dube mu ya ce, "Kun gani? Na bar gari an fara korar baƙi."

Ana nan sai ga Sabi'u, wanda kuka sani yana tuƙa motar wani asibiti a Al-Sadd. Ɗan Tsamiyar Goje ne, tsohon malamin firamare, kuma shi ne wakilin wata jam'iyya a akwatin ranar da aka yi wancan zaɓe na ƙuri'a ɗaya. Baba da kansa ya tarbo shi. Juma'ar farko ya tuƙa tuwo da miyar kukar da Sabi'u ya kawo, ya tara mu a ɗaki bayan an sauko daga masallaci, muka sa hannu a kwano.

"Yau ga shaida Allah ya kawo," in ji Baba. "Sabi'u, gaya wa Bakatsinen nan da mutumin Gana abin da ka gani da idonka."

Sabi'u bawan Allah, ba shi da mugunta ko ta anini. Ya haɗiye lomarsa ya ce, "Ai Baba ba zan taɓa mantawa ba. Musamman rubutun nan."

"Wane rubutu?"

"Na jikin takardar mana. Malamin zaɓen ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, ba ya karanta ajami, sai ya miƙo mini ya ce me aka rubuta. Na duba na ga, 'Daga Sale, Allah ya ba da sa'a.' Wallahi Baba hannunka akwai kyau."

Baba ya yi murmushi ya dube mu. "Kun ji ko? Har gaisuwa na haɗa masa da ita."

"E, ai shi ya sa aka ware ta."

"Aka ware ta ina?"

"Cikin lalatattu, Baba. Duk takardar da aka yi rubutu a kai ba a ƙirga ta." Sai a lokacin Sabi'u ya lura da fuskokinmu. Ya ce, "Na ɗauka ka sani."

Awudu ya fashe da dariya har tuwo ya sarƙe shi. Ni ma, Allah ya yafe mini, na kifa kai a gwiwa. Baba ya ce, "To ɗayar da aka ɗaga fa? Wadda aka yi ihu?"

"Wannan kam lafiyayya ce, yatsa kawai. Ban san ta wa ce ba. Da jama'a suka ɗau kiran sunanka sai na rasa bakin magana."

Baba ya zare hannunsa daga kwano. Ya tashi ya wanke, ya zauna a bakin katifa yana kallon bango. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya bar tuwo ba, balle na miyar kukar gida. Dariyarmu ta mutu da kanta. Sabi'u ya yi ta ba da haƙuri, Baba ya ce, "Kai gaskiya ka faɗa, ci abincinka."

Kwana uku ya yi haka. Ba labari, ba tsokana, ko Bakatsine bai ce mini ba. Abin da ya fi ci mini rai, da safe na miƙa masa hannu sai ya ba ni duka, har da babban yatsan, ya bar ni na matse. Wallahi sai da na ji ƙwalla, don na gane mun yi wa tsohon nan dariya a kan abu ɗaya tak da yake da shi.

Rana ta huɗu ya kira ni. Ya ce, "Nafi'u, akwai mutumin kirki a garinmu da na shekara da shekaru ina cin sunansa. Sai na nemo shi na roƙe shi gafara." Ya ciro biro ya jera waɗanda yake zargi a bayan kwalin shayi. Ya bugo wa ladan, ladan ya rantse ba shi ba ne. Ya bugo wa mai faci, mai faci ya ce shi ranar ma yana Gumel. Ya bugo wa wani tsohon abokin gabarsa, wannan ya ce, "Ni? In bi ka? Allah ya sawwaƙe!" Maza suka ƙare. Sai ya ce bari ya kira matarsa, Inna Talatu, ta bincika masa a cikin mata. Kun san wayar Baba sai a lasifika take magana, don haka ni da Awudu da Sabi'u duk muna ji.

Ya zayyana mata komai, muryarsa ƙasa-ƙasa. Can sai muka ji tsohuwa tana dariya.

"Malam, sai yau?"

"Sai yau me?"

"Sai yau ka tambaya? Ni ce."

Baba ya dubi wayar kamar ta cije shi. "Ke? Ke da kike yi wa babban waƙa kina daka?"

"Ni ɗin dai. An tara mu mata an gaya mana duk wanda ya yi rubutu a takarda ta lalace. Da safe na gan ka kana gwada biro a tafin hannu. Na ce ka bar shi a gida, ka ce biro da hula tare suke tafiya. To na shiga, na ɗaga yatsa zan dangwala wa nawa, sai na hango ka tsaye a filin makaranta an kira mutuminka an ce babu, bayan ka cika gari da magana. Na ce wallahi ba za a yi wa mijina dariya a gaban jama'a ba. Na sauko da yatsan can ƙasa."

Muka juya muka dubi Baba.

"Kuma har yau ina jin haushi, Malam," in ji ta. "Jiha guda ta zaɓi mutum, ni da na fi kowa son sa ban zaɓe shi ba."

"Shekara nawa, Talatu, ba ki faɗa ba?"

"Ina faɗa maka me? Kana jin daɗinka."

Baba ya sa gefen riga ya goge ido, ya ce kukar miyar jiya ce ta shiga masa. Ba wanda ya tuna masa cewa tun Juma'a rabonmu da kuka. Awudu ne ya kwance mu. Kun san Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Massa, matarka ya fi ka hankali."

Baba ya zaburo. "Ta fi ni ake cewa! Ta fi ni!"

"To, ka faɗa da bakinka."

Ranar har maƙwabtanmu 'yan Nepal sai da suka leƙo su ga me ya faru. Baba ma dariya yake har yana riƙe ciki. Kafin ya kashe wayar ya ce, "Talatu, na cinye miki ƙuri'a. In Allah ya kai mu na gaba, zan zo da ƙafata. Wanda kika ce, shi zan yi wa."

Washegari yatsa ya koma sama. Sai dai kirarin ne ya sauya. In ka matse ya ce, "A hankali, yaro, na aro ne. Na Talatu ne." In sabon zuwa ya tambayi labarin Mai Ƙuri'a Ɗaya, zai ba shi tun daga akuya har ihu yadda ya saba, ya miƙe tsaye a inda yake miƙewa, sannan ya zauna ya ƙara da cewa, "Amma tawa wasiƙa ce, ba ta isa ba. Wadda ta isa ta mai ɗakina ce." Ni a ganina labarin ya fi daɗi a haka, shi ma na lura ya fi son wannan ƙarshen.

Ya nemi hutun zaɓe tun saura fiye da shekara. Duk mako sai ya je ya tuna wa shugaban aikinsu, har mutumin in ya hango shi daga nesa sai ya ɗaga hannu biyu yana "Khalas, khalas!", wato ya isa haka. Ya sa katin zaɓensa a leda, ledar a cikin safa, safar a cikin aljihun ciki. Ya tafi, ya yi wata guda, ya dawo da tawada a farce da kilishi, amma hularsa ba biro. Na ce, "Baba, ina abokin tafiya?" Ya ce, "An kama shi a ƙofar gida. Har aljihuna ta laluba, kamar masu binciken filin jirgi." Muka yi juyin duniya ya gaya mana wa ya dangwala wa, ya ce, "Ku tambayi mai ƙuri'a." Awudu ya ce ai Jigawa an san inda ta yi, Baba ya ce, "Jigawa daban, gidana daban." Iyakar abin da muka samu ke nan.

Ciwon nasa bai yi tsawo ba, kwana takwas. A nan muka yi masa sutura, kuma kun ga jama'ar da ta taru, wasu ko Hausa ba sa ji.

Bayan sadakar bakwai na kira Inna Talatu na yi mata gaisuwa. Muka yi kuka, muka yi addu'a, har muka koma hira. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri da tambayar Bakatsine. Wa kika sa Baba ya yi wa?"

Ta yi 'yar dariya. "Ni ban sa shi ba, ɗan nan. A bakin makaranta ya ce in faɗi nawa. Na ce, Malam, mutum ya taho daga wata ƙasa don ƙuri'a ɗaya, kuma a ce ba tasa ba ce? Je ka yi wa wanda ranka ya ba ka. Ya yi gardama, na tura shi."

"Ke kuma kika yi wa naki."

"Na shiga da niyyar haka. Sai na bi jerin da ido, na ga wata jam'iyya a can gefe da ko hotonta ban taɓa gani a gari ba. Na ce to, ga inda Malam zai sauka." Ta ci gaba da cewa, "Da aka zo ƙirga, aka kira ta, malamin zaɓe ya ce biyu. Ba wanda ya yi ihu. Malam yana can wajen maza, ina nan wajen mata, ya juyo ya dube ni. Shi ke nan."

Mutumin da ya shekara da shekaru yana cika mana kunne da labarin ƙuri'a ɗaya, ya dawo da labarin biyu ya zauna da mu har ya mutu bai ba kowa ba. Wannan ya ajiye wa kansa da matarsa, kuma sai da na nemi izininta kafin in rubuta muku shi.

Ya Allah, bawanka Sale ya zo gare ka. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa da gida, ka ba shi takardarsa a hannun dama. Ka sanyaya zuciyar Inna Talatu, ka tsare mata mutuncinta yadda ta tsare nasa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.